Buhu 720,720 da Gonar Tattasaina

Yau da safe na tsaya a gonar tattasaina, ruwan kogin Komadugu har gwiwa, takalmina ɗaya ya kama hanyar Bosso ba sallama. Jama'a, kada ku zargi kowa. Lamba ce ta sace mini zuciya.

Wata biyu ke nan wani Mai Girma, Allah ya ƙara wa rigarsa faɗi, ya zo bakin kogi ya yi mana alkawarin buhun yashi 720,720 don tare ambaliya. Mutane suka tafa don an saba. Ni tafin gaskiya na yi, domin shekara ashirin ina koyar da lissafi ban ga lamba mai kirki kamarta ba. Ku duba: 16 sau 9 sau 5 sau 7 sau 11 sau 13. Raba ta gida biyu, gida uku, har goma sha shida, ba ta barin saura. Lambobi 240 ke raba ta daidai. Masana ma mai yalwa suke kiran irinta, don ƙananan da ke raba ta, in an tara su, sun fi ta yawa. Na ce wanda ya zaɓi wannan lamba adali ne, ba ya son faɗa wajen rabo.

Ina cikin zana ta a ƙasa sai ga Umara, maƙwabcina na gona, mai kirana Mushe, wato malamin makaranta.

"Mushe Rufa'i, gobe muna gayyar cika yashi. Tsofaffin buhunan tattasanka fa?"

"Kwashe duka arba'in ɗin. Unguwa goma sha uku gare mu, kowacce za ta samu sabbi 55,440. Me zan yi da tsumma?"

"In unguwannin goma sha bakwai ne fa?"

Na ji daɗin tambayar, na ce, "Sai a yi saura biyar."

"To roƙo mana biyar ɗin, mu fara gani."

Na yi masa murmushin da nake yi wa ɗalibi mai rauni. Mai ɗakina Yakaka ta ce, "Malam, daga ganin hadari sai ka zubar da ruwan randa?" Ita ma na zaunar da ita, na yi mata darasi a tsanake.

Yau gonar Umara a bushe take bayan buhuna arba'in, kowanne da sunana, da kyakkyawan rubutuna. Tawa kuwa tarwaɗa ke kiwo. Ya leƙo ta saman yashin.

"Mushe, nawa suka iso?"

"Sifili."

"Shi kuma gida nawa yake rabuwa?"

Nan na ƙara ganin hikimar Mai Girma. Sifili ya fi waccan lambar: har goma sha bakwai tana raba shi ba saura. Kowace unguwa ta samu daidai da 'yar'uwarta, ba wanda ya yi ƙorafin an fi shi.

Mutanen Bosso, in kun ga takalmi mai lamba 43, nawa ne. Lamba ce da ba ta rabuwa, a taimaka a maido shi wurin ɗan'uwansa.