Ranar Da Na Rataye A Gugar Alhaji

Ba za ni taɓa mance shekarar da damina ta sake yaudararmu ba, kuma ba don yunwar kaɗai ba. Yunwa kowa ya ɗanɗana ta, daga Tsamaye har Kamarawa, babu mai yi wa wani gori. Abin da ya same ni ni kaɗai shi ne na rataye tsakanin sama da ƙasa cikin akwatin ƙarfe, jama'ar ƙauyuka suna kallona, ina sanye da babbar riga ta aro. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi, rabin fushin na Alhaji ne, rabin na bakina.

Lokacin ina koyarwa a wata firamare kusa da Isa, tun kafin masifar daji ta raba mu da gonakinmu. Allah ya ba ni murya, don haka duk taron da za a yi, ɗaurin aure ne ko saukar karatu, ni ake nema in riƙe makirfo. (Matata takan ce ko kaza aka yanka a unguwa sai na tashi na yi jawabi. Ba ƙarya ta yi mini ba.)

A shekarar gero ya fito lafiya, ya kai gwiwa, sai ruwa ya ɗauke. Muna kallo ya yi ja ya bushe a tsaye. Rijiyoyi suka koma laka, mata suka koma tonon yashi a tsakiyar gulbi, makiyaya suka kora abin da ya rage na shanunsu suka yi kudu. Surukina Malam Mainasara, dattijon da a da rumbunansa ke ciyar da maƙwabta a Kamarawa, ya kwaso iyalinsa ya dawo gidan da ke jikin nawa, tukunyarmu ta zama ɗaya. Albashin malamin makaranta ne, kun san shi. Ban taɓa cewa komai ba, a fili dai.

A cikin wannan hali ne Alhaji Bawa ya dawo daga Umra. (Ba sunansa ke nan ba, 'ya'yansa na nan da ransu.) Ɗan kasuwa ne babba, motocinsa na kai kaya Maraɗi suna dawowa, kuma siyasa ta fara yi masa ƙaiƙayi. A Ɗa'ifa ya hau irin motar nan da ke tafiya a jikin igiyar ƙarfe tana kai mutane kan dutse, ya dawo da ita cikin kansa. Akwai wani dutse a bayan Kamarawa mai kufan ganuwa a samansa, tsofaffi na cewa nan kakanninmu ke fakewa lokacin yaƙi. Alhaji ya ce nan zai kafa tasa, Turawa da mutanen Legas su riƙa tururuwa zuwa yawon buɗe ido.

Dattawa suka taru suka je masa, suka tafi da ni don in gyara musu magana. Roƙonsu ɗaya ne, ya haƙa musu rijiyar burtsatse. Ya saurare su yana sakace, sannan ya ce matsalar talaka ke nan, tunaninsa bai wuce cikinsa.

"Rijiya kowa na iya gina ta," in ji shi. "Ni abin da ba a taɓa gani ba za ni yi."

Jinina ya tafasa. Na buɗe baki za ni yi magana, sai ya juyo ya ce ai ga Malam nan, shi ya waye, ya bayyana musu amfanin abin. Wallahi wannan kalma ta wayewa ita ta kashe ni. Maimakon in ce masa mutane ƙishirwa suke ji, sai na ji bakina yana cewa lalle abu ne na ci gaba, ni kaina na taɓa hawan irinsa lokacin da muka je kwas a kudu. (A talabijin ɗin mai shayi na gan shi, shi ma hoton na rawa.) Dattawa suka dube ni, suka sa takalmansu suka fita.

Aka ɗauko wani mai walda daga Maraɗi, Isuhu, aka naɗa masa sunan Injiniya. Ya kafa turakun ƙarfe, ɗaya a ƙasa ɗaya a kan dutsen, ya ja igiyar waya mai kauri tsakaninsu, ya rataya akwati da ya yanko daga tsohon tanki ya shafe shi da fenti. Abin da zai ja akwatin kuwa injin niƙa ne, irin mai durom ɗin ruwa a gefe don kada ya yi zafi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne tankar ruwa da ke zuwa daga nesa don kwaɓa siminti. Mata na tsaye da jarkokinsu suna kallo ana tuttula shi cikin yashi, in sun matso a kore su. Su ne suka sa wa akwatin suna Gugar Alhaji, gugar da ba ta ɗebo ruwa.

Ranar buɗewa wani ya baza labarin cewa za a raba hatsi. Mutane suka taso tun daga Kurawa da Tsamaye, wasu a ƙasa wasu a kan jakunan da haƙarƙarinsu ke waje, kowa da buhunsa a naɗe a hammata. Manyan baƙi suka zauna a rumfa ana ba su lemo mai sanyi, sauran jama'a suka tsaya a rana. Na yi jawabin maraba, na yabi Alhaji har sai da na ji kunyar kaina. Da aka zo kan wanda zai fara hawa, Alhaji ya ce likita ya hana shi saboda hawan jini. Baƙi kowa ya shiga duban agogonsa. Sai Alhaji ya yi murmushi ya ce ai ba damuwa, Malam ya saba.

Na so in ce ƙarya na yi. Amma surukina na tsaye a gaban jama'a, ɗalibaina na da suna kallona, ga kuma babbar riga. Isuhu ya saƙala mini ƙaramin makirfo marar waya a wuyan rigar, ya ce in na yi sama in riƙa bayyana wa mutane kyan ƙasar, lasifikokin na kan motar Alhaji suna aiki da batir. Ya rufe ni da sakata ta waje.

Injin ya tashi, akwatin ya yi girgiza ya bar ƙasa. Na riƙe ƙarfe da hannu biyu na fara: jama'a, ga ni ina hawa, iska mai daɗi, ga ƙasarmu shimfiɗe gwanin sha'awa. Sai na kuskura na duba da gaske. Ban taɓa ganin ƙasarmu gaba ɗaya a lokaci guda ba sai ranar. Gonaki jajur har iyakar gani. Gulbi fari fat, da ramukan da mata suka tona kamar fuskar mai zanzana. Gawar shanu nan da can a bakin burtali. Nan jawabina ya tsaya.

Ita ma gugar sai ta tsaya. Injin ya yi tari ya yi shiru, ni kuma ina tsakiya, ban kai dutse ba ban kuma kusa da ƙasa ba. Daga baya na ji dalili: mutanen da aka bari a rana tun hantsi sun gano durom ɗin injin, suka shanye ruwan tas, injin ya yi zafi ya cije. Ban taɓa ganin laifinsu ba.

Iska ta fara lilo da ni. Ƙarfen ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Isuhu ya haɗa tafin hannu a baki yana kirana da sunan da mutanen Nijar ke kiran malamin makaranta, yana cewa Mushe ka yi haƙuri, Mushe kada ka motsa. Ni kuwa ga ungulaye suna shawagi daidai kaina, ana kirana mushe.

Nan hankalina ya tafi. Na zauna daɓas a ƙasan akwatin inda ba mai ganina, na mance da abin da ke wuyan rigata, na shiga magana ni kaɗai. Duk abin da na haɗiye tun farkon farin ya taso.

"Allah ya isa tsakanina da kai, Alhaji. Mutane na mutuwa da ƙishirwa kai kana rataye tanki. Wane Bature za shi zo nan? Shi zo kallon mi, gawar shanu? An roƙe ka rijiya ka ce tunanin talaka bai wuce cikinai. To kai naka tunanin ina yak kai? Matsoraci, wai hawan jini."

Na zage shi da ashar ɗin da ban san na iya ba, na zagi Isuhu da waldarsa, na zagi baƙin rumfa da lemonsu. Ina jin muryata tana dawowa, na ɗauka dutsen ne ke amsawa. Har ma na ji daɗin amon. Da na tsaya nan da yau ni jarumi ne a ƙasar Isa. Ban tsaya ba.

"Ni ko wa za shi ji tausayina? In na mutu nan wa za shi ci da rundunar da anka jibge mini? Tsoho shina cin malmala kamar mai noma, ga gona babu. Ni na auri ɗiya guda, an haɗo ni da gari."

Daga nan sai kuka. Kuka sosai, da majina, ina kiran Inna, wadda ta daɗe da rasuwa.

Shirun da na ji ne ya sa na miƙe na leƙa. Duk fuskokin filin suna sama. Can wajen motar na hango Alhaji yana kokawar kaiwa ga wayar lasifika, wasu ƙarti sun yi masa katanga, ashe tun zagin farko suka hana a kashe. Na dubi wuyan rigata. Ɗan jan hasken makirfon na nan yana kallona.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Na roƙi Allah igiyar ta tsinke.

Ba ta tsinke ba. Isuhu ya kwance injin, maza suka kama igiyar ja da hannu suna sassautowa a hankali, yadda ake saukar da mai yasar rijiya. Da na matso ƙasa na ga wanda ke gaban layin. Malam Mainasara ne, ya ɗaure rigarsa a ƙugu, jijiyoyin hannunsa duk sun fito. Aka zare sakata, na ƙi fitowa. Sai da ya matso da kansa ya miƙo mini 'yar butarsa mai sauran ruwa a gindi.

"Sha, Malam," in ji shi a hankali. "Abin da kaf faɗi bisa Alhaji gaskiya ta. Sauran kuma iska na kaɗawa, ban ji ba."

Alhali lasifikar nan an ji ta har cikin Kamarawa. Na sha ruwan ban ɗago kai ba.

Baƙi suka shige motocinsu ba sallama. Alhaji bai sake yi mini magana ba har ya bar duniya, bai kuma haƙa rijiyar ba, hatsi ma ko tiya ba a raba ba. Mutanen nan haka suka koma da buhunansu a naɗe, kuma wannan shi ne abin da har gobe ba za ni yafe masa ba. Gugar ta yi ta lilo a wurin sai da maƙera suka sassare ta suka yi fartanya.

A gida kuwa labari ya riga ni isa kunnen matata. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da na fi samun sauƙi. Ta ajiye mini tuwo ta ce ga nawa nan, rundunar ba ta taɓa ba. Surukina ya ci gaba da zuwa cin abinci kamar kullum, sai dai loma kaɗan yake yi ya ture kwanon ya ce ya ƙoshi. Na yi roƙo, na turo limami, na rantse zafin rana ne ya taɓa mini kai. Ya ce ai shi bai ji komai ba, me za a yafe? Sai da damina ta kama ya koma gonarsa, kaka ta yi ya aiko mini da damman gero har ƙofar gida, ya ce a gaya mini tsoho ya koma noma.

Abin haushin, gaskiyar da na faɗa wa Alhaji ba wanda ya riƙe ta. Abin da gari ya riƙe shi ne kukan. Shekaru ina wucewa ta kasuwar Isa wani zai maƙale murya daga cikin rumfa ya kira Inna.

Na dai koyi abin da na koya. Fushi in ka daɗe kana tara shi, ranar da zai fashe ba ya tambayar wanda ya yi maka laifi, har mai riƙe maka igiya yake haɗawa. Yanzu in abu ya ɓata mini rai nakan faɗa wa mai shi tun yana ƙarami, ina tsaye a ƙasa, da idona biyu. Kuma duk yadda aka kira ni wayayye, ba ni hawa abin da mai shi ya ƙi hawa.