Tef Ɗin Tela da Kifin Inna Hajo

Abin da ba zan taɓa mantawa ba shi ne ranar da na ɗauko ɗanyen kifi daga Kaoje zuwa Bagudo da a-kori-kurar maigidana.

Maigida ya sayo tayoyin gwanjo daga bakin iyaka, sun ɗan fi na da girma. Bakanike ya ce da babbar taya mota kan fi abin da allurar gudu ke nunawa sauri. Wani zai ji ya wuce, ni kuwa abinci ya daina shiga (ni ne mai komawa sau uku ya duba ko ya kulle ƙofa).

Wani malamin makaranta ya faɗa mini mil guda inci 63,360 ne. Na ari tef wurin maƙwabcina Sani tela, na zagaye tsohuwar taya: 79. Na raba, juyi wajen ɗari takwas a mil. Washegari na auna sabuwa: 213. Juyi ɗari uku ma bai cika ba. Wato in allura ta nuna sha biyar, arba'in nake yi. Sau huɗu na maimaita lissafin, bai canza ba.

Ranar kasuwa na ɗauki Inna Hajo, dattijuwa mai sayar da kifi, da kwandunanta shida. Na kafe allura kan sha biyar. Mai babur ɗauke da buhu uku ya wuce mu. Ƙudaje ma suka cim mana.

"Ɗan nan, gawa muka ɗauko?"

"Inna, gudu muke yi sosai. Ido ne ba ya gani."

"To hancina yana ji."

Mun iso rana ta take, masu sari sun watse, kifi ya saki. A tsakiyar tasha na fito da takardar lissafina ina kare kaina. Aka kira Sani. Ya karɓi tef ɗinsa, ya juya shi a hankali.

"Wannan fuskar inci ce, wannan santimita. Da wacce ka auna?"

Da duka biyun, kowace taya da tata. Inci 84 ce sabuwar, tazarar ba ta kai tsawon tafin hannu ba.

Kwana biyu na yi ina hura wa Inna Hajo wutar banda don kada kifin ya tafi a banza. Har yau a tasha Sha-Biyar ake kirana.

Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Da na ɗaga kai daga takarda na dubi tayar, da na ga ba ta tirela ba ce.