Yadda Za Ka Zaɓi Tayar Shiga Laka Ba Tare da Ka Shiga Laka Ba

Ɗan'uwa mai jif, barka da arziki. Na san abin da ke cin ranka. Ka sayi mota mai jan ƙafa huɗu, ka faka ta a bakin ofis, ka tsaya kana jiran a yaba. Sai Akanta ya leƙo ta taga da kofin shayi a hannu ya ce, "Mota kam ta yi, sai dai tayoyin na kai yara makaranta ne." Aka yi dariya, kai ma ka yi, amma ranar abincin rana bai wuce maka ba.

Kwantar da hankalinka. In ka bi matakan nan bi da bi, na yi maka alkawari Akanta zai haɗiye maganarsa tare da shayinsa. Ni na san taya. Ban taɓa mallakar mota ba, amma na daɗe ina zama a bencin shagon Mai Taya, kuma mazaunin benci ya fi direba ganin taya, tunda shi direba a samanta yake.

Mataki na 1: Tabbatar ba ka da inda za ka je

Lissafa wuraren da kake zuwa: gida, makarantar yara, ofis, gidan mai, wurin wankin mota. Duk kwalta ce. Madalla, ka cancanci tayar jeji. Masu shiga jeji da gaske ba su da lokacin zaɓe, abin da suka samu suke ɗaurawa.

Hanyar laka ɗaya ce tak a rayuwarka, wato wadda ta tsallaka rafi ta nufi ƙauyen da Inna, mahaifiyarka, take zaune. Lokacin da kake da ƙaramar mota ka ce mata motar ƙasa take, hanyar ba ta biyuwa. Da ka sayi jif, Yaya, wadda ke kula da Inna kuma ita ke riƙe da wayar gidan, ta kira da murna. Ka yi maza ka ce, "Yaya, sunan jif ne kawai, tayoyinta na gari ne, ba sa shiga laka." Ta ce to, Allah ya hore na shiga.

Wannan shi ne uzurinka na ƙarshe, kuma shi za ka je ka rusa da kuɗinka. Kada ka yi tunani a kai yanzu, tunani yana hana ciniki.

Mataki na 2: San ire-iren taya

Iri uku ne. Akwai ta kwalta, mai ƙananan zane, ba ta ƙara, ba ta shan mai, tana kama birki ko ana ruwa. Ita ce ta dace da kai, saboda haka ko kallonta kada ka yi.

Akwai ta tsaka-tsaki, wadda ke bin kwalta ta kuma taɓa hanyar ƙauye. Tayar masu hankali ce. Ba wanda ya taɓa tsayawa a titi don ya kalli mai hankali.

Sai ta laka. Haƙoranta kamar an jera bulo, tsakaninsu yatsanka zai shige har gindi, har a gefenta akwai ƙusoshi. A kan kwalta tana kuka, tana shan mai, tana saurin cinyewa, kuma in an yi ruwa sai ka fara taka birki tun daga unguwar da ke kafin taku. Ita muka zo nema.

Mataki na 3: Yadda ake shiga shago

Kada ka yi sallama da fara'a. Shiga kana shan ƙamshi, makulli na lilo a yatsa. Nufi tayar da ta fi kowace muni ka sa mata ƙafa. Harbin taya ba ya nuna komai, amma duk masani yana yi.

Mai Taya zai taso yana goge hannu a riga. "Ranka ya daɗe, ina ake zuwa da ita?"

Dubi nesa, kamar wanda ya ga abubuwa, ka ce, "Jeji."

"Wane irin jeji, yallaɓai? Yashi ko laka ko duwatsu?"

"Duka."

Zai gyaɗa kai cikin girmamawa. Ya riga ya ga takalminka mai sheƙi da tafin hannunka mai laushi, ya san jejin da ake nufi, irinka ne ke ciyar da iyalinsa. Zai ce, "Ai tun da ka shigo na ce wannan namijin hanya ne."

A gefen taya akwai lambobi. Wasu na faɗin faɗinta, wasu nauyin da take ɗauka, wasu lokacin da aka ƙera ta. Tsuguna ka kalle su, ka motsa leɓe, ka ce, "Hmm." Kada ka tambayi ma'anarsu. Tambaya ta masu koyo ce, kai kuma a wannan shagon an riga an ba ka girma.

Mataki na 4: Ƙara girma

Kamfanin da ya ƙera motar ya rubuta girman tayar da ta dace a jikin ƙofar direba. Su waye su? Sun san Akanta? Nemi wadda ta fi.

Wasu ƙananan abubuwa za su biyo baya. In ka karya sitiyari sosai, taya za ta gogi jikin mota ta yi gurnani. Agogon gudu zai fara yi maka ƙarya. Safaya ba za ta shiga mazauninta ba, sai a rataye ta a baya, kuma hakan ya fi, na bayanka ma su ƙaru.

Uwargida kuwa za ta tsaya a bakin ƙofar mota tana duban tsayin, ta tattare zane, ta ce, "Baban yara, tsani ya zo da ita ko shi ma sai an saya?" Da kun hau titi ƙarar za ta tashi, wuuu, kamar injin niƙa. Za ka ga bakinta yana motsi. Tana cewa ne, "To yanzu ai sai zuwa wurin Inna." Nuna kunnenka ka girgiza kai. Wannan ita ce babbar fa'idar tayar laka, kuma ba a rubuta ta a jikin kwali.

Mataki na 5: Samo laka

Tayar jeji a jikin mota mai tsabta abin kunya ce. Bayan layinku akwai gidan da ake ginawa, kuma kusa da tankin ruwan magina ƙasa ba ta bushewa. Ɗauki bokiti da tsohon kwano.

Aikin yana da ƙa'ida. Daga ƙasa ake watsawa zuwa sama, daga gaba zuwa baya, yadda taya ke fesawa in ana gudu. Kada ka shafa da hannu, sawun yatsu zai tona maka asiri. Watsa kaɗan a gilashin gaba ka kunna waifa sau ɗaya, ta bar wannan zanen mai kama da baka. Ka bar ta ta kwana ta bushe.

Washegari faka a ƙarƙashin tagar Akanta, ka ɗora ƙafa ɗaya ta motar a kan dakalin fulawa. Zai leƙo. Zai buɗe baki, ya rufe, ya koma ciki ya ja labule. Ka kece raini, alkawarina ya cika.

A nan ya kamata ka tsaya. Kada ka ɗauki hoto. Amma na san ka, za ka ɗauka, ka jingina da bonet da baƙin tabarau, ka ɗora a waya kowa ya gani, har ka rubuta a ƙasa: "Mun dawo lafiya. Hanyar sai maza."

Mataki na 6: Idan Yaya ta kira

Za ta kira. Ka manta ita ma tana da ido.

"Auta, mun ga hoto. Allah ya sa alheri, ya tsare hanya."

"Amin, Yaya."

"Na nuna wa Inna. Ta ce in buɗa mata shi ya yi girma. Ta daɗe tana kallo." Sai ta ƙara da cewa, "Ta ce in tambaye ka, garin wa ka je?"

Yanzu ka shiga tsaka mai wuya, domin amsa biyu ce kawai. Ko ka ce lakar ta bokiti ce, ka zama abin dariya har jikoki. Ko ka bar tsohuwa ta ci gaba da ganin cewa ɗanta yana keta laka har gilashi zuwa garin wasu, garinta ne kawai hanyarsa ba ta biyuwa. Mutumin kirki zai zaɓi ta farko. Amma wannan darasin taya ne, saboda haka ka ce, "Aiki ne, Yaya, ofis ne suka tura mu."

"To. Ta ce tunda an samu tayar, a share ɗakinka."

Ce mata ƙarshen wata, in sha Allahu. Kada ka faɗi wane watan.

Mataki na 7: Sabunta uzuri

Sabuwar taya tana zuwa da sababbin dalilai, ka yi amfani da su da tsimi. Ka ce sai sun zauna a jikin mota tukuna. Ka ce bakanike bai gama daidaita ƙafafun ba. Ka ce giyar shiga laka tana wata 'yar ƙara, wato giyar nan da ba ka taɓa sawa ba, wadda kake rataya ledar burodi a kanta. In damina ce, ruwa ya yi yawa. In rani ne, ai ta laka ka saya, yashi tayarsa daban.

Duk wanda ka faɗa Yaya za ta ce, "To." Za ka lura "to" ɗin yana ƙara gajarta. Wata rana kuma za ta kira ku gaisa, ta tambayi yara, ta kashe, ba ta kawo zancen ɗakin ba. Ka ɗauki wannan a matsayin nasara, ko da yake ni kaina ba na son irin wannan shirun.

Mataki na 8: Idan ta zo da kanta

Wata la'asar za ka dawo daga ofis, sabuwar laka a jikin mota, kukan tayoyinka ya riga ka isa layi. A ƙofar gidanka za ka tarar da wata tsohuwar tasi, ƙofarta ɗaure da igiya, tayoyinta sun suɗe kamar tafin hannu, har waya ta leƙo a ɗaya. Jikinta laka ce ta gaske har marfin ƙofa, mai ciyawa a ciki. Direban yana zaune a bonet yana fifita da hula. Zai kalli tayoyinka ya haɗiyi yawu ya ce, "Yallaɓai, in ka gaji da su ka tuna da ni."

Inna tana tsakar gida a kan kujera, ƙafafunta sun kumbura saboda zaman mota, sandarta a gefe, buhun gyaɗar jikoki a gabanta. Durƙusa ka gaishe ta. Kada ka fara bayani, ba ta tambaye ka ba.

Za ta ce a kai ta ta ga motar. Za ta zaga ta a hankali tana dogara sanda, ta shafa taya, ta ce tubarkalla. Sai idonta ya faɗa kan bokitin nan a gindin famfo, da kwano a ciki, da sauran laka.

"Wannan fa, 'yar nan? Gini kuke yi?"

Uwargida ta ga bokitin tun safe, kuma da ta so da ta ɗauke shi. Za ta sunkuyar da kai ta ce, "Na kwalliyar mota ne, Inna."

Inna za ta dubi bokiti, ta dubi mota, ta dube ka. Shirya wa faɗa, ko kuka, ko dariya, duk akwai yadda ake tare su. Abin da ba a shirya masa shi ne ajiyar zuciyar da za ta yi, fuskarta ta saki.

"Alhamdulillahi. Ashe ba ka zuwa ko'ina. Ni duk na ɗauka wani wurin ka samu." Za ta sake shafa tayar. "Kada ka ɓata su, Auta, da ganinsu masu tsada ne. Ni zan riƙa zuwa, muddin ƙafar nan tana ɗauka."

A nan ilimin benci ya ƙare. Na tambayi Mai Taya abin da ake cewa a irin wannan wurin, ya ce shi roba yake sayarwa.

Sanarwa

Marubucin wannan darasi ba shi da hannu a man da motarka za ta sha, ko zanen uwargida da ya yage wajen hawa, ko dakalin fulawar ofis, ko birkin da ya ƙi kamawa ranar ruwa. Duk wanda ya bi matakan nan da ƙafarsa ya bi.

Haka kuma, in wata rana Yaya ta kira ka ji muryarta ba yadda ka saba ba, ka faɗa mota ko takalmi babu, ka ga tayoyin nan sun tsallake rafi sun keta lakar kafin ka tuna da giyar ma, kada ka zo bencina kana gaya mini ashe wurin kusa ne. Tayoyin za su kai ka, wannan na tabbatar maka tun farko. Ko za ka tarar da wadda ka je dominta, ba ya cikin garanti.