Larabar Kasuwa da Larabar Likita

"...da gajiya, da masu yi mana rowar fuska," in ji Kaka, ba ta ko ɗago kai daga kan keken ɗinkinta ba. "Wa nake ji kamar muryar mijina da ya gudu?"

"Ni ne dai, tsohuwa. Ban gudu ba, yaji na yi."

"Namiji da yaji! To wa ya je biko?"

Jikanta ne, ɗan babban ɗanta, wanda gidan duka suke kira Ɗan Canji tun da ya ajiye aikin shagon buga takardu ya koma saye da sayar da kuɗin ƙasashen waje a waya. Ya tsaya a bakin ƙofa da 'yar leda a hannu, yana murmushin mai laifi. Wata uku ke nan da likitan ido ya ce a dawo da Kaka ranar Laraba, don ranar kaɗai babban likita yake zama. Shi ya buga ƙirji a gaban babansa ya ce ya ɗauke wa kowa wannan. Ga kalanda can a bango saman keken, Laraba goma sha ɗaya a jere, kowace ta zagaye ta da allin ɗinki. Ya kawar da kai.

"Tsaya tukuna," ta ce. "Yau wace rana?"

"Laraba."

"Ƙarfe nawa?"

"Biyu saura kwata."

"Innalillahi! Kasuwar ce ta ƙone, ko wayar ce ta faɗa ruwa? Kai ne a ɗakina ranar Laraba, ƙarfe biyu saura?"

"Mutum ba zai zo ganin matarsa ba sai an yi masa tambayar 'yan sanda?"

"Ai na haddace karatun, malam. Litinin kasuwa barci take yi, ba a taɓa ta. Talata ta fara miƙa. Laraba da Alhamis, daga biyu zuwa biyar, 'yan kasuwar wancan gefen duniya sun buɗe, na wannan gefen ba su tashi ba, lokacin ne kuɗi yake gudu. Juma'a da yamma kuwa mai hankali ya tattara ya koma gida. Na yi kuskure?"

"Ashe akwai sauran kai a nan! Da kin shigo harkar, da yanzu kin sayi haƙora."

"Haƙorana huɗu, kuma duk nawa ne. Kai ina motar da ka ce za ka saya mini?"

"Tana hanya."

"Da ƙafa take tahowa?"

Ya yi dariyar yaƙe. Gaskiya ta faɗa, kalma da kalma haka yake karanta mata a waya duk ranar Talata da yamma in zai ɗaga alkawari. Kuma shi a lokacin bai ɗauka wulaƙanci yake yi ba. Gani yake ido yana nan, ba inda za shi, kasuwa ce ba ta jira.

"Laifin likitanki ne," ya ce. "Kwana bakwai a mako, ya rasa ranar da zai zauna sai tawa. Na ce a kai ki Litinin, suka ce ba ya nan."

"Ƙila shi ma ɗan canji ne, Litinin barci yake. To faɗa mini, Larabobin da ka tsare, me suka haifa?"

Ya sosa ƙeya. "Wasu sun kawo, wasu sun kwashe. Ta makon jiya ita ta haɗa duka ta yi awon gaba da su."

"Ayya, sannu. Wato ranar ka zaɓa da kyau, lokacin ma ka zaɓa da kyau, kuɗin ne ba su da tarbiyya."

"Wani babban ma'aikacin banki ne can ya buɗe baki ya yi magana, farashi ya juya cikin minti biyar."

"Kai kuma ba a gaya maka ranar da zai buɗe bakin ba? Ina amfanin jadawalin?" Ta taka keken sau biyu ta tsaya. "Ni ma ina da nawa jadawalin, ba ka taɓa tambaya ba. Shekara arba'in ina yanka yadin mutane, ban taɓa sa almakashi bayan la'asar ba. Da haske ya ja baya, baƙi da shuɗi duk ɗaya suke zame maka, ka ɓata wa baiwar Allah kayanta."

"Shi ya sa kika tsufa ba ki yi kuɗi ba."

"Na aurar da babanka da keken nan, har aka samo ka. Wannan kam asara ce, na yarda."

Ganin ta fara cin galaba, sai ya ce bari ya toshe mata baki da tsaraba. Tabarau ne ya saya a kanti, irin na karatu, mai ƙara girman rubutu. Ya zagaya ta bayan kujerarta a hankali, ya tsaya ta hagunta, ya miƙo shi daidai gefen fuskarta yana jira ta yi tsalle.

Ba ta yi ba. Ta ci gaba da magana tana fuskantar ƙofa, inda ya baro.

"Kuma ka gaya wa wayar nan taka, in ta gama da kai ta dawo mana da ragowar."

Ya motsa tabaran. Ya kaɗa shi sama da ƙasa, kusa har ya kusa taɓa mata kunci. Ko ƙiftawa ba ta yi ba. Ya sauke tabaran a hankali.

"Kaka."

Ta juyo da kanta gaba ɗaya, har da kafaɗa. "Kai! Yaushe ka koma nan? Sanɗa kamar kyanwa."

"Tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Kaka, don Allah."

Ta murza zare a yatsa. Can ta ce, "Makon jiya malamar nan ta ɗakin sama ta gaji da ganina ina cin karo da ƙofa, ta kai ni. Likita ya haska ya haska, ya ce idona na hagu ya tafi, jijiyar ta mutu. Ya ce da an zo da wuri, da an taro shi. Na dama kuma in ana zuwa duk Laraba a auna, a ba ni maganin ɗigawa, zai iya tsayawa."

"Baba ya sani?"

"In gaya masa ya daina yi maka magana, ka daina zuwa gidan? To wa zan riƙa zagi?"

Kunya ta rufe shi, da nadama irin wadda ba ta da wurin ajiyewa. Makon jiya war haka yana zaune a ɗakinsa ya ƙura wa waya ido, yana kallon layi yana hawa yana sauka, ita kuma tana kan bencin asibiti da maƙwabciya. Ya so ya ce ta yafe masa, bakinsa ya ƙi. Tsakaninsa da ita ba su saba da irin wannan magana ba.

"Dama na hagun nan shi ne mai hararata," ya ce.

"Shi ne. Na dama na ajiye don in ga ranar da za ka yi arziki. Ka ga ashe zan daɗe."

Sai wayar ta hau ƙara a aljihunsa. Ƙarfe biyu daidai, ƙararrawar da ya saita wa buɗewar kasuwa.

"Uwar ɗakinka na kira," in ji Kaka. "Je ka, kar ta yi fushi."

Ya ciro ta, ya kashe ta ɗungurungum, ya buɗe gwangwanin maɓallanta ya jefa ta ciki ya rufe.

"Ƙarfe uku suke daina karɓar kati. Ɗauko mayafinki."

"Kasuwar fa?"

"Ta ci kanta. Talata da Alhamis sun ishe ni yin asara."

Kaka ta ƙyalƙyale da dariya har haƙoran nan huɗu suka bayyana. "To na janye ƙarar da na shigar a kanka, ban sake ka ba. Ungo, kafin in fasa." Ta jawo wata riga daga ƙarƙashin keken ta cilla masa. "Tun watan jiya na gama. Aljihun ƙarami na yi da gangan, waya ba ta shiga."

Riga ce shuɗiya. Ya juya ta, ya ga hannu ɗaya da shuɗin zare aka ɗinke shi, ɗayan kuma da baƙi, kuma ya san ba da la'asar ta ɗinka ba. Ya zura ta a kan wadda ke jikinsa.

"Ta yi?"

"Ta fi ƙarfin mai ita."

"Wannan kam na sani."

Ta laluba ta ɗauki mayafi da katin asibiti, ta miƙe. A bakin ƙofa ya miƙa mata hannu, sai ya tsaya yana shawara.

"Ta wane gefe zan tsaya?"

"Ta hagu mana, sakarai," ta ce, ta kama hannun rigar mai baƙin zare. "Can ne babu kowa yanzu."