Kogin Yawuri a Bangon Manhattan

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da 'yata Nafisa ta kai ni kallon zane ba, ko da yake na yi ƙoƙarin mantawar.

Lokacin ina jan tasi, yawancin yinina a layin filin jirgin sama na JFK yake ƙarewa, a shekarun nan da motocin da ake kira ta waya suka fara cinye mana fasinja. Nafisa tana ajin ƙarshe a sakandare. A Bronx aka haife ta, Hausa tana ji tas, amsa kuwa sai da Turanci. Ta kafe zane za ta karanta a jami'a, ni kuma na kafe sai aikin jinya. Wata biyu muna ja-in-ja, har uwarta ta gaji ta ce in bi yarinyar in ga abin da idona kafin in yanke hukunci. Na yarda ne don in samo hujja. Har babbar riga na saka (wai don Turawa su san dattijo ya zo).

Muka hau jirgin ƙasa na layin D daga Tremont zuwa wani ƙaton gidan adana zane-zane a Manhattan. Ta wuce da ni ɗakin wasu Faransawa da ake kira Imfireshanis (sau uku ta gyara mini, har yau haka nake faɗa). Tana tafe tana bayani. Wai mutanen sun gaji da zama a ɗaki suna zana manya, sai suka kwashi fenti suka fita gonaki da bakin ruwa. Haske suke bi. Yadda rana ke faɗowa kan ruwa da ƙarfe bakwai ba haka take da ƙarfe takwas ba, shi ya sa suke sauri, suna ɗiga launi kusa da launi ba gaurayawa, idon mai kallo ne zai haɗa. Ko inuwa ba sa yin ta da baƙi, sai da shuɗi ko shunayya.

Ni dai na matsa har hancina ya kusa gogar wani zane. Ban ga komai ba sai dabbare-dabbare, kamar tsumman da aka goge buroshi da shi. Na cire tabarau na goge na mayar, haka dai. Tunda na tabbata babu mai jin Hausa a ɗakin, sai na saki baki. Na ce mai fentin da ya yi mana shago a Yawuri ya fi wannan hannu. Na ce ko mutumin yana da yanar ido, ko an kira shi cin abinci bai dawo ba. Sannan na nuna wata mata mai kayan ma'aikata a bakin ƙofa, na ce ita na fi tausayawa, baiwar Allah ta baro gida tun safe tana gadin tabo.

Nafisa ba ta yi dariya ba. Ta kama hannun rigata ta ja ni baya kamar taku takwas, kuma abin mamaki, da Hausa ta yi magana.

"Baba, duba daga nan."

Sai tabon ya zama ruwa. Kogi ne da sassafe, tururi na tashi a kansa, hasken rana ya kakkarye a tsakiya, ga wani ɗan duhu-duhu can gefe, kwalekwale da mutum a tsaye. Na san wannan safiyar. Haka kogin Kwara yake a Yawuri bayan sallar asuba, ina zaune a gaɓa ina jiran mahaifina ya dawo daga su. Daga gaɓa ba a ganin fuskarsa, tsayuwarsa kawai ake ganewa. Ya rasu ina nan, takarduna na zama a ƙasar nan ba su fito ba, ta waya aka gaya mini. Hotonsa guda ne a hannuna, na fasfo, ya murtuke fuska kamar ba shi ba. Wannan ɗigon fentin ya fi hoton kama da shi.

Ban san lokacin da ƙafata ta ɗauke ni ba. Ƙararrawa kawai na ji ta ɗauka, yatsana saura ƙiris ya taɓa kwalekwalen, duk ɗakin ya juyo yana kallon mai babbar riga da hawaye a gemu. Matar nan ta tako a natse ta tsaya gefena, ta ce da Hausar mutanen Gana:

"Alhaji, ja baya kadan. Tabon nan nake gadi."

Na fara ba da haƙuri da Turanci, na koma Hausa, na rasa wanda zai fisshe ni. Nafisa ta rufe fuska da gyale, kafaɗunta na rawa. Matar ta ce komai ta ji, har da mai fentin shago. Ta ce kar in damu, masu zanen ma irin zagin da suka sha ke nan a zamaninsu, wai ba su gama aiki ba. Shekara shida take tsayuwa a ɗakin, kuma in mutane sun ragu takan koma daidai inda 'yata ta tsayar da ni. Ita ruwan Yeji, garinsu a Gana, take gani, inda uwarta ke ƙyafe kifi.

A jirgi muna komawa na tambayi Nafisa ko za ta iya zana mini Kwara. Ta ce masu zanen nan nata abin da ke gaban idonsu suke zanawa, sai dai in kai ta ta gani. Makon nan na sa hannu a takardun jami'arta, uwarta tana kallona tana danne dariya.

Tun ranar na daina gulma da Hausa a New York, ko a cikin tasi ni kaɗai sai na waiga. Kuma in abu ya yi mini kama da shirme, nakan fara zargin inda na tsaya kafin in zargi mai shi. Yawuri kuwa har yau ban kai ta ba. Kullum cewa nake sai baɗi, ita kuma ta daina tambaya.