Rasuwar Ƙamus, Aminin Malam Hashimu Mai Buga Takardu

Da zuciya cike da baƙin ciki, da kuma wani abin da ya fi baƙin ciki zafi, Malam Hashimu mai buga takardu na bakin tashar Bagwai yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar amininsa, Ƙamus, wanda ya yi zamansa a cikin tsohuwar kwamfutar shagon. Ya rasu ranar Larabar da ta wuce, ba tare da wata jinya ba, a hannun Jamil, ƙanin matar Malam.

Ga wanda bai san marigayin ba: lokacin da Malam ya sayo kwamfutar nan, Turanci kaɗai take ji. Duk kalmar Hausa da ya buga sai ta ja mata jan layi a ƙasa, har shafi ya koma kamar mayanka. Sai Malam ya zauna koya mata. Ya buga kalma, ya danna, ya sa ta a ma'ajiyar kalmomi. Haka aka haifi marigayi, kalma bayan kalma, tsakanin katin biki da takardar neman aiki, shekara da shekaru. Ya san sunan kowace unguwa daga Bagwai har bakin dam ɗin Watari. Ya san kowane irin taki da kowace cutar tumatir. Amma bai san kalmar banza ba, domin Malam bai taɓa koya masa ko ɗaya ba. Shi ya sa ran da ake buga tallar wani mai ɗorin ƙashi, hannu ya kuskure aka bar harafin farko na ƙashi ba lanƙwasa, nan take marigayi ya ja layi, ya ceci mutuncin dattijon. Ba shi da surutu. Ba a taɓa jin muryarsa ba, in ban da ɗan "ƙyas" ɗin nan da ake ji duk sanda ya karɓi sabuwar kalma.

Ranar da abin ya faru, Malam ya tafi Watari ban-ruwan albasarsa. Ya bar shago a hannun Jamil saboda Rahmatu matarsa ta roƙe shi, ta ce yaron kirki ne. Yaron nan dai gemunsa ya fi na Malam tsawo. A kwamfutar akwai katin auren Sadiƙa, 'yar Alhaji Bunu mai hatsi a Dawanau, an gama tsara shi, bugawa kawai ta rage. Jamil ya ga kwamfuta tana nauyi. Ba wanda ya tambaye shi, ba wanda ya aike shi, ya yi mata fomatin, wato ya goge duk abin da ke cikinta. Kafin ya goge, ya kwashe hotuna ya adana, ya kwashe takardu, har waƙoƙin da ya loda wa kansa bai manta da su ba. Marigayi kaɗai ya bari a ciki. Sannan ya saita harshe a kan Turancin Amurka, ƙasar da ko a mafarki bai taɓa takawa ba.

Da ya buɗe katin ya ga jan layi ko'ina, sai ya bi su ɗai-ɗai yana karɓar duk gyaran da na'ura ta ba shi. Ya buga, ya ɗaure, ya miƙa wa direban Alhaji, direba ya wuce Dawanau ya rarraba. Watari ta zama Water. Sunan amarya ya fito da ɗan akwati a tsakiya. Alhaji Bunu kuwa, mutumin da kakanninsa suka taso tun daga Borno da sunansu ba tabo, ya zama Alhaji Bunny, wato ɗan zomo. Kafin la'asar duk samarin layin wake sun haddace.

Alhaji da kansa ya zo shagon. Bai ɗaga murya ba. Ya ajiye katin a kan tebur ya ce, "Malam Hashimu, da ni da kai ba tun yau ba. Me na yi maka?" Ya juya ya shiga mota. Tun daga ranar ko takardar awo bai sake aikowa ba, kuma abokan kasuwancinsa sun bi sahunsa.

Shi kuwa Jamil, da aka titsiye shi, cewa ya yi, "Haba Yaya, ai wankin ciki na yi mata. Duba yadda take gudu yanzu!" Gaskiya ne tana gudu. Inda take kai mutum ne dai bai faɗa ba.

Marigayi ya rasu ya bar kwamfuta guda wadda ba ta gane kowa, da firinta mai buga duk abin da aka ba ta ba kunya, da marayu uku, ƙ da ɗ da ɓ, waɗanda har yanzu ba a san inda suka shiga ba. Ya bar Malam Hashimu, wanda ya daina cin tuwon dare. Ya kuma bar Rahmatu, wadda take cewa ƙaddara ce, alhali ta san sunan ƙaddarar da gidan da take kwana.

Ba za a yi salla ba, domin liman ya ce ba gawa. Ragowar katunan za a binne su a bayan shago ranar Asabar da hantsi, an riga an haƙa rami. Daga nan za a yi zaman makoki a kan bencin ƙofar shago. Ba a buƙatar gero ko goro. Abin da ake roƙo, duk mai zuwa ya taho da sunansa da na mahaifinsa da na unguwarsu a rubuce da biro, domin Malam zai fara renon wani daga farko, in Allah ya ba shi tsawon rai.

Jamil kada ya zo, kada kuma ya aiko. Ba ma a buƙatar nasa sunan, domin Malam ya gwada na mutanen garin nan kaf, nasa kaɗai na'urar ta karɓa ba gardama. Duk wanda ya san yadda ake sa ta ja masa layi, ya zo da wuri, an tanadar masa kujera a inuwa.