Ranar da na kaɗa gangar iskoki

Na je gaida Baba Tanko, tsohon Bamaguje a wani ƙauyen Faskari, na ga ƙaramar ganga rataye jikin rumbu. Ni kuwa na daɗe ina jin kaina makaɗi. Na sauke ta, na hau duka har da lumshe ido.

"Malam, da ita ake kiran iskoki fa!" in ji matarsa.

Nan take na kama addu'a. Baba Tanko ya kasa kunne, can ya ce, "Kwantar da hankalinka. Da wannan kiɗan naka, iskokin gidan ma sun tsere."



Har yau, in iska ta taɓa wani a ƙauyen, cewa ake, "A kira Malam ya kaɗa."